Gudun Ruwa a Mashigar Bututu

A fannin nazarin kwararar ruwa da iska, mashigar bututu ita ce tazarar da ke tsakanin bakin bututu da wurin da tsarin gudun ruwa yake daina sauyawa. Idan ruwa ya fito daga babban tanki ya shiga bututu ta baki mai santsi, saurinsa a tsakiya da gefe kusan ɗaya ne. Amma ruwan da ya taɓa jikin bututun tsayawa yake yi cik, kuma saboda danƙon da ke tsakanin sassan ruwan, sai ya riƙa riƙe na kusa da shi, har a sami siririyar shimfiɗa ta ruwa mai tafiya a hankali a jikin bango. Masanin nan na Jamus, Ludwig Prandtl, shi ne ya bayyana wannan shimfiɗa a shekarar 1904.

Shimfiɗar tana ƙara kauri yayin da ruwan ke yin gaba. Da yake yawan ruwan da ke ratsa kowane sashe na bututun ba ya canzawa, duk saurin da gefe ya rasa dole tsakiya ta ƙara shi, shi ya sa matsi yake faɗuwa da sauri a mashiga fiye da can ciki. A inda shimfiɗar ta game daga kowane ɓangare ta haɗu a tsakiya, kusan a nan mashiga ta ƙare. Idan gudun natsattse ne, wato ruwan na tafiya layi-layi ba tare da cakuɗuwa ba, saurin tsakiya daga nan yakan zama ninki biyu na matsakaicin sauri.

Tsawon mashigar ya danganta da lambar Reynolds, wato lambar da ke nuna ko gudun ruwa natsattse ne ko mai hargitsi, wadda ta samo suna daga Osborne Reynolds, masanin da ya yi gwaji a kan gudun ruwa a bututu a 1883 a Ingila. Ƙasa da wajen 2300 gudun yakan kasance natsattse, kuma ana ƙiyasta tsawon ta hanyar ninka 0.05 da lambar da kuma faɗin bututun. Misali, bututu mai faɗin santimita 2 da lamba 2000 zai buƙaci wajen mita 2. A gudu mai hargitsi kuwa, cakuɗuwar ruwan tana gajarta tazarar zuwa ninki 10 zuwa 60 na faɗin, kuma buƙatar wannan tazara ce ta sa injiniyoyi ke barin miƙaƙƙen bututu kafin su ɗaura na'urar auna ruwa.