Kuɗin Fito da Albashin Lebura: Yadda Dokar Shigo da Kaya ke Taɓa Ma'aikacin Masana'anta a Legas

Duk wanda ya taɓa bin titin Oba Akran a Ikeja da misalin ƙarfe shida da rabi na safe ya san yadda bakin ƙofar masana'anta yake a wannan lokaci. Matasa sun yi cirko-cirko suna jiran a fito da takardar sunayen waɗanda za su shiga aikin ranar, mai shayi yana gefe yana fifita wuta, direbobin manyan motoci kuma sun shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin tirela suna jiran lodi. Da yawa daga cikinsu 'yan uwanmu ne da suka fito daga Agege da Idi-Araba da Mile 12, wasu leburori, wasu 'yan dako, wasu masu gadi. Ko mutum talatin za a kira a ranar ko mutum biyar, wani ɓangare babba na wannan hukunci an riga an yanke shi a wata takarda da yawancinsu ba su taɓa gani ba, wato jadawalin kuɗin fito da jami'an kwastam ke aiki da shi a tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can.

Kuɗin fito shi ne harajin da ake biya kafin kayan da aka yi a wata ƙasa su shigo kasuwar gida. Tun daga shekarar 2015 Najeriya take aiki da jadawalin bai-ɗaya na ƙungiyar ECOWAS, wanda ya kasa kayayyaki gida biyar. Kayan da ake ganin jama'a ba za su iya rayuwa babu su ba, ba a ɗora musu komai. Ɗanyen kaya da injuna suna biyan kashi 5 cikin ɗari, kayan da aka fara sarrafawa amma ba a gama ba kashi 10, kayan da aka gama sai dai a kai kanti kashi 20, sannan akwai rukuni na biyar mai kashi 35, wanda Najeriya ce ta fi matsa lamba a kafa shi domin kare wasu masana'antunta. Bayan wannan, gwamnatin tarayya tana da damar ɗora ƙarin haraji na gyara a kan wasu kaya, kuma tana da jerin kayan da ta haramta shigowa da su ɗungurungum, irin su daskararrun kaji da tufafin gwanjo.

Hikimar wannan tsari tana cikin tazarar da ke tsakanin matakan, kuma a cikin tazarar ne albashin ma'aikaci yake zaune. Mu ɗauki misali domin a gani. A ce turmin atamfa da aka saƙa a waje ya iso Apapa a kan naira 10,000, aka ɗora masa kashi 20, ya zama 12,000 kafin ya isa hannun ɗan kasuwa a kasuwar Balogun ta Legas. Mai masaƙa a Legas kuma ya shigo da rini da sinadarai da sauran kayan haɗi na naira 6,000 a kan kowane turmi, ya biya kashi 5, suka tsaya masa a 6,300. Idan ya sayar a kan farashin na wajen, naira 5,700 ce ta rage a hannunsa, kuma daga cikinta zai biya ma'aikata, ya sayi man janareto, ya biya bashin banki, ya fitar da riba. Da babu haraji ko kaɗan a kan kowa, naira 4,000 kawai zai samu. Wannan ƙarin na 1,700 shi ne kariyar da dokar ta ba shi.

Yanzu a ce turmin nan na waje bai bi ta Apapa ba, an sauke shi a Kwatano, ya biyo ta daji ya shigo ba tare da ya biya sisi ba, ana sayar da shi a kan 10,000. Mai masaƙarmu ya riga ya biya harajin kayan haɗinsa, saboda haka abin da ya rage masa ya koma naira 3,700, wato ƙasa da abin da zai samu da a ce an soke harajin baki ɗaya. Wannan shi ne abin da nake so mai karatu ya riƙe: haraji mai tsawo da ba a iya tsare shi a kan iyaka ya fi rashin haraji cutar da mai masana'anta, domin mai bin doka kaɗai yake kamawa, kuma gwargwadon tsawonsa gwargwadon ribar ɗan fasa-ƙwauri. Mai masaƙa ba shi da iko a kan farashin dizal ko kuɗin ruwan banki, abin da ke hannunsa shi ne yawan mutanen da zai kira da safe.

Tarihin masaƙu ya nuna wannan ƙarara. An buɗe masaƙar Kaduna a 1957, kuma daga baya harkar ta bunƙasa har ta kasance cikin manyan masu ɗaukar ma'aikata a ƙasar, daga Kakuri a Kaduna zuwa Bompai da Sharaɗa a Kano, zuwa Ikeja da Isolo da Ikorodu a nan Legas. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki na SAP, aka soke tsarin lasisin shigo da kaya, aka karya darajar naira, kayan gyaran injuna da sinadarai suka yi tsada. A 1995 Najeriya ta kasance cikin ƙasashen da suka kafa Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya, WTO, wadda 'yar ƙasarmu Ngozi Okonjo-Iweala take shugabanta tun 2021. Ƙasar Sin ta shiga ƙungiyar a ƙarshen 2001, sannan a ranar 1 ga Janairun 2005 aka kawo ƙarshen tsarin ƙayyade yawan yadi da tufafin da ƙasashe ke sayarwa a kasuwannin duniya. Gwamnati ta sha haramta shigo da yadi tana sake buɗewa, amma da haramcin da buɗewar duk ba su hana atamfar waje cika Kantin Kwari da Balogun ba. Babbar masaƙar UNTL ta Kaduna ta tsayar da aiki a 2007.

Akwai wani dattijo a unguwarmu da ya yi shekaru yana aiki a sashen rini na wata masaƙa a Isolo, yanzu gadi yake yi a wani gida. Har gobe yana ajiye da katin shaidar aikinsa a cikin leda tare da takardun gidansu, gefensa ya ɗan cinye, hoton ya koɗe. Na taɓa ce masa: "Baba, me ya sa ba ka nemi wata masaƙar ba a lokacin?" Ya ce: "Yaro, wace? A tare muka fito da su duka." Ilimin haɗa launi da ya tara a tsawon shekaru ba shi da kasuwa a wajen masaƙa, kuma wannan asara ce da ba ta shiga lissafin kowace hukuma.

Adalci ne a faɗi cewa kuɗin fito ba shi kaɗai ya rufe masaƙun ba. Wanda ke kunna janareto dare da rana ba zai yi takara da wanda ke samun wutar lantarki mai araha ba, kuma noman auduga a Funtuwa da Gusau da Gombe ya ja baya. Haka ya faru da taya: kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina yin taya a Ikeja a 2008, bayan an sassauta harajin shigo da tayoyin manyan motoci a daidai lokacin da tsadar makamashi ta riga ta shaƙe su.

Akwai kuma inda kariya ta haifar da ɗa mai ido. A 2002, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, an yi dokar cewa ba za a ba kowa izinin shigo da siminti ba sai wanda ya nuna yana zuba jari wajen gina masana'anta a gida. Daga nan aka samu manyan masana'antu irin na Obajana a Kogi da Ibese a Ogun, har Najeriya ta daina dogaro da simintin waje. Abin da ya bambanta wannan da na yadi shi ne an ɗaure kariyar da sharaɗi, an daɗe ba a sauya ta ba, ɗanyen kayan yana ƙarƙashin ƙasarmu, sannan siminti yana da nauyin da ba a iya goyo shi a babur a bi ta daji. Duk da haka wanda ke gina ɗaki biyu a ƙauyensu yana biyan wani kaso na wannan nasara a cikin farashin kowane buhu, domin kasuwar ta koma hannun kamfanoni ƙalilan.

Ba jadawalin kwastam kaɗai ne makamin gwamnati ba, akwai dala. A watan Yunin 2015 Babban Bankin Najeriya ya fitar da jerin kaya 41 da ya hana masu shigo da su sayen dala a farashin hukuma, daga baya suka kai 43, aka kuma janye dokar a Oktoban 2023. Matsalar ita ce abin da wani ya ɗauka a matsayin kayan da aka gama, shi ne ɗanyen kayan wani: mai yin sabulu yana buƙatar manja, mai yin gwangwani yana buƙatar falankin ƙarfe. Da aka saki naira kasuwa ta riƙa tsayar da farashinta a watan Yunin 2023, kuɗin fito ma ya tashi ba tare da an taɓa jadawalin ba, saboda da farashin dala na lokacin ake lissafa shi. A wannan shekarar ce kamfanonin magunguna da kayan masarufi na GSK da Procter & Gamble suka bayyana cewa za su sauya yadda suke harka a Najeriya su koma ga shigo da kaya, kuma wahalar samun dala tana cikin manyan dalilan da aka ambata.

Rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ya nuna wa Legas ɗaya fuskar al'amarin. Masu casar shinkafa a Kano da Kebbi sun amfana, amma masana'antun Ikeja da Agbara da ke sayar da robobi da sabulu da lemo a Kwatano da Lome da Akara, a ƙarƙashin yarjejeniyar ECOWAS da ta yafe haraji ga kayan da aka yi a yankin, sai suka wayi gari motocinsu sun maƙale a Seme, kan iyakar Najeriya da Jamhuriyar Benin. Ma'aikacin da ke cin abinci da fitar da kaya shi ma ma'aikaci ne, kuma ana yawan mantawa da shi idan ana maganar kariya.

Wannan ne ya sa yarjejeniyar kasuwar bai-ɗaya ta Afirka, AfCFTA, ta shafi kowa a bakin ƙofar nan. An ƙulla ta a Kigali a watan Maris na 2018, amma Najeriya ta ja ƙafa saboda ƙorafin ƙungiyar masu masana'antu ta MAN da ƙungiyar ƙwadago ta NLC, sai a watan Yulin 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Yamai, aka kuma fara aiki da ita a hukumance a farkon 2021. Ƙasashe sun amince su cire haraji sannu a hankali daga kashi 90 na nau'o'in kaya, kashi 7 a ba su ƙarin lokaci, kashi 3 kuma kowace ƙasa ta keɓe su. Ƙashin bayan yarjejeniyar shi ne ƙa'idar asalin kaya, wato sai an tabbatar a Afirka aka yi abu, ko an sarrafa shi sosai a nan, kafin a yafe masa haraji. Idan aka yi sakaci da wannan ƙa'ida, rigar da aka ɗinka a Asiya za ta sauka a wata tashar maƙwabta, a liƙa mata sabon tambari, ta shigo Legas a matsayin 'yar gida, abin da a da ake yi a ɓoye ya koma ana yin sa da takarda.

To, idan masana'anta ta yanke shawarar rage ma'aikata, me doka ta tanada? Sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ya wajabta wa mai kamfani ya sanar da ƙungiyar ma'aikata ko wakilinsu dalilin ragin da kuma yawan waɗanda zai shafa. Ya ce a bi ƙa'idar wanda ya zo a ƙarshe shi zai fara tafiya, tare da la'akari da ƙwarewa da iya aiki da riƙon amana, sannan mai kamfani ya yi iya ƙoƙarinsa wajen sasantawa a kan kuɗin sallama. Dokar ba ta faɗi adadin kuɗin ba, kuma wannan giɓi ne babba, domin inda ƙungiya take da ƙarfi akan samu abin kirki a yarjejeniyar da aka rubuta, inda babu ita kuwa sai abin da aka ga dama. Sashe na 11 ya tsara wa'adin sanarwa: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya har zuwa shekara biyu, mako biyu har zuwa shekara biyar, wata ɗaya ga wanda ya kai shekara biyar ko fiye.

Duk waɗannan haƙƙoƙi suna rataye ne a kan iya nuna cewa mutum ma'aikaci ne da kuma ranar da ya fara. Sashe na 7 ya ce cikin wata uku da fara aiki dole a ba ma'aikaci takarda mai ɗauke da sharuɗɗan aikinsa, amma da yawa daga cikin matasanmu ta hannun ɗan kwangila suka shiga, kullum ake biyansu ko mako-mako, sun shekara uku ko huɗu a gaban inji ɗaya ba su da ko katin shaida. Su ne ake fara dainawa kira idan kwantenar kayan haɗi ta maƙale a Apapa, kuma tun da ba a rubuta an sallame su ba, ba sa fitowa a ƙididdigar waɗanda suka rasa aiki. Wanda ke cikin wannan hali ya nemi takardarsa tun masana'anta tana aiki, ya adana duk wata shaidar biyan kuɗi, ko da saƙon banki ne a waya, ya kuma san wakilin ƙungiyar da ke sashensa. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a Ikoyi, ita ke sauraron irin waɗannan ƙararraki, kuma abin da alƙali zai fara nema shi ne hujjar cewa an ɗauki mutum aiki da tsawon lokacin da ya yi.