A-kori-kura mai jan taya biyu da mai jan taya huɗu

A-kori-kura, wadda wasu ke kira fikof, ƙaramar motar kaya ce mai gidan direba a gaba da buɗaɗɗen bodi a baya. Galibin waɗanda ake gani a Nijar kayan da ƙa'ida ta ba su bai wuce kusan tan ɗaya ba. Sun kasu gida biyu ta fuskar yadda inji ke tura su: akwai wadda ƙarfin injinta ke zuwa tayoyin baya kaɗai, ana rubuta ta 4x2, akwai kuma wadda ake iya raba ƙarfin ga tayoyi huɗu, wato 4x4, wadda kowa ya sani da kat-kat. A jihar Maraɗi zaɓi tsakaninsu ya rataya ne a kan hanyar da motar za ta riƙa bi da kuma lokacin shekara, ba a kan yawan kayan da za ta ɗauka ba.

Yadda ƙarfi ke isa ga taya

A mota mai jan baya, ƙarfi na fita daga inji ya bi akwatin giya, ya bi furofela, wato dogon ƙarfen da ke juyawa a ƙarƙashin mota, ya shiga aksil ɗin baya. Cikin ƙullin da ke tsakiyar aksil akwai haƙora masu barin taya ɗaya ta fi ɗaya gudu a kwana. Amfaninsu ke nan, kuma nan ne rauninsu: idan taya ɗaya ta hau santsi ko ta sami rairayi mai laushi, ita ce za ta yi ta juyawa tana haƙa rami, ɗayar tana tsaye. Abin ya fi muni idan motar fanko ce, domin nauyin inji na gaba, bayan kuwa ba abin da ya danne shi. Shi ya sa tsofaffin direbobi ba sa shiga daji da bodi wayam. Buhu biyu ko uku a kan aksil ɗin baya na sauya tafiyar.

Kat-kat tana da ƙarin ƙaramin akwatin giya mai raba ƙarfi, da furofela ta biyu, da aksil ɗin gaba mai ja. A kan sanda ko maɓallin da ke sarrafa wannan akwati za a ga 2H, 4H da 4L. Na farko shi ne tafiyar yau da kullum da tayoyin baya. Na biyu yana haɗa gaba da baya ba tare da rage gudu ba. Na uku yana rage gudu kusan ninki biyu da rabi ya ƙara ƙarfin ja daidai da haka, kuma sai mota ta tsaya ake sa shi. Tsofaffin samfura suna da makulli a cibiyar kowace tayar gaba, sai direba ya sauka ya murɗa da hannu. Wanda ya manta, ko da ya sa 4H, da taya biyu yake tafiya.

Yawancin waɗannan motoci ba su da abin da ke sassauta tsakanin aksil ɗin gaba da na baya. A rairayi ko taɓo taya na ɗan zamewa ta sauke matsin. A busasshiyar kwalta kuwa ba inda za ta zame, sai sitiyari ya yi tauri a kwana, tayoyi su ci, haƙoran giya su wahala. Don haka kat-kat da ke kan kwalta mai jan taya biyu ce, tana dai ɗauke da ƙarfen da ba ya aiki a lokacin.

Ƙasar Maraɗi da hanyoyinta

Babbar hanya mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram, ta ratsa kudancin jihar ta Gidan Runji, Maraɗi, Agé, Gazawa da Tasawa. Wata kwaltar ta yi kudu zuwa Ɗan Isa, bakin iyakar Najeriya, ta haɗe da hanyar Jibiya da Katsina. Ɗan kasuwar da harkarsa ba ta sauka daga waɗannan hanyoyi, mai ɗaukar siminti, buhunan aya ko kwalayen kaya daga kasuwa zuwa kasuwa, ba abin da kat-kat za ta yi masa wanda mai jan baya ba za ta yi ba. Haka ma hanyar burji: gargada tana cin sifirin da ƙusoshi, amma taya na samun abin kamawa.

Da an bar burji sai magana ta koma kan irin ƙasa, kuma manoman yankin sun daɗe da raba ta uku. Jigawa rairayi ce, ita ta fi yawa, ita ce ƙasar gero da wake. Geza ta fi tauri, da rani kowace mota na bin ta, amma ruwa na kwanciya a kanta. Fadama, irin ta Gulbin Maraɗi da kewayen tafkin Madarunfa, laka ce.

Lokacin wahalar kowace daban yake. Jigawa ta fi kafe mota da bazara, a Afrilu da Mayu, lokacin da rairayi ya bushe ya yi laushi, musamman da tsakar rana da kuma a mashigar ƙauyuka inda amalanke da shanu suka tattake hanya. Idan ruwan sama ya sauka sai ya dunƙule, tafiya ta yi sauƙi. Fadama kuma akasin haka: da rani kamar daɓe, daga Yuli zuwa Satumba kuwa taɓo. Mai zuwa ƙauyukan Mayahi ta kwarin Gulbin Kaba, ko mai wuce Dakoro ya shiga kwarin Tarka zuwa Bermo da dajin Gadabeji, yana haɗuwa da dogon rairayi da hawan tuddai, ga rijiyoyi da rugage nesa da juna, ba lalle a sami masu turi ba. A nan ne kat-kat ke biyan kuɗinta. Motocin asibiti masu ɗauko marasa lafiya, da na malaman dabbobi da na ayyukan raya karkara, kusan duk ita ce, domin ba su da zaɓin jiran hanya ta bushe.

Duk da haka, tun kafin kat-kat ta yawaita ana cin kasuwannin ƙauye da mota. Peugeot 404 da 504 masu bodi, waɗanda kamfanin da ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975 ya ƙara yawansu a ƙasar Hausa, da tayoyin baya kaɗai suke ja. Dabara ce ke fitar da su. Direba ya rage iskar taya don ta baje a kan rairayi, ya shiga da giya ta biyu ba tare da ɗaga ƙafa ba. In ta kafe, yaran mota su tone gaban tayoyi da shebur, su shimfiɗa karan dawa ko rassan sabara, fasinjoji su sauka su tura. Rage iska har yau ya fi komai tasiri a rairayi, ko a kat-kat. Sharaɗinsa a riƙe famfo a mota, domin taya mai ƙarancin iska tana zafi ta fashe idan an koma kwalta da kaya.

Abin da ba ta ƙarawa

Kat-kat ba ta fi ɗaukar kaya ba. Ƙarfen da aka ƙara mata nauyi ne, kuma daga cikin abin da motar ke iya ɗauka ake cire shi. Kaya kuwa sifirin da tayoyi da shasi ke riƙe su. Ba ta ƙara birki. Ba ta hana ruwan ƙorama tafiya da mota, kuma idan inji ya shaƙi ruwa ba ruwansa da yawan tayoyin da ke ja. Tsayi daga ƙasa ma wani abu ne daban: akwai samfuran 4x2 masu tsayin kat-kat, wasu har da makullin aksil ɗin baya mai tilasta tayoyi biyu su juya tare, kuma a hanyoyin ƙauye da dama wannan ya wadatar.

Kuɗi da gyara

Kat-kat ta fi tsada wajen saye, ta ɗan fi shan mai, kuma tana da wurare biyu na ƙari da ake zuba man giya, ga robobin aksil ɗin gaba da rairayi ke shiga da zarar sun yage. A ɗaya gefen, ba ta faɗuwa a kasuwa da sauri, musamman Toyota. Hilux ta fito a 1968, mai jan taya huɗu ta biyo baya a 1979. Land Cruiser jerin 70 ta fito a 1984, kuma injinta na gas mai silinda shida da lita 4.2 ya yi suna saboda kowane gareji ya san cikinsa. Mitsubishi L200 da Isuzu D-Max da Nissan su ma suna da nau'i biyun, sai dai mai saye ya fara zagaya masu kayan gyara a gari kafin ya yanke shawara. Farin jinin kat-kat na da wani gefe: a yankunan bakin iyaka da ƴan bindiga suka addaba, mota mai tsada tana jan ido.

Sayen ta hannu

Galibin a-kori-kura a Maraɗi na hannu ne, ko dai waɗanda suka shigo ta tashoshin ruwan Kwatano da Lome, ko waɗanda ma'aikatu da ƙungiyoyi suka gama aiki da su suka sayar. Rubutun 4x4 a jikin bodi ba shaida ba ne. Bakanike yakan kwanta ƙarƙashi ya duba ko furofelar gaba tana nan, domin akwai masu cire ta idan aksil ya lalace su ci gaba da aiki da baya kaɗai. Yakan duba yoyon mai a akwatin raba ƙarfi, ya buɗe mazubin ya ga ko man ya yi fari, alamar ruwa ya shiga. Daga nan a fita bayan gari a sami rairayi, a sa 4H, a sa 4L, a saurari ƙara, a ga ko tana fita daga giyar ba gardama. Motar da ta shekara a gari ba a taɓa sa mata 4H ba takan ƙage, abin da ya sa masu ƙera su ke cewa a riƙa sa ta na ƴan kilomita kowane wata. Tayoyin huɗu kuma su zama girma ɗaya, cinsu ya yi kusa da juna, in ba haka ba gaba da baya za su riƙa jayayya duk lokacin da aka haɗa su.