Safiya mai kyau daga bayan Isha'i take farawa

Bahaushe ba ya bukatar a koya masa sammako. Kafin ladan ya sauke kiran Asuba, mai ƙosai ta hura wuta, ɗan ga-ruwa ya tura kurarsa, manomi ya saɓa fartanya. Saboda haka matsalar da muke gani a asibitin unguwa ba ta makara ba ce. Mutane ne ke tashi da wuri alhali ba su ƙoshi da barci ba, su fita ciki babu komai, su watsa ƙwaya a kai, sannan da hantsi su zo mana da jiri da ciwon kai, suna cewa a duba musu ko maleriya ce ko taifod. Sau da yawa a gwada jini a ga babu ko ɗaya.

Mu yi lissafi. Babban mutum yana bukatar barcin awa 7 zuwa 9 a dare. Matashi mai shekara 13 zuwa 18 yana bukatar awa 8 zuwa 10, ɗan firamare kuma 9 zuwa 12. Wanda zai tashi ƙarfe 5 don sallah, in yana son awa 7 ɗinsa cif, ƙarfe 10 na dare ya kamata ta same shi a kwance. To mu nawa ne muke kwance a lokacin? An kawo wuta ƙarfe 11, an tashi guga da cajin waya, daga caji an zarce TikTok, sai ƙarfe 1. Wani kuma yana majalisa ana zagaya shayi. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi, in ji masu iya magana, amma mu so muke mu kwanta ƙarshe kuma mu tashi farko.

Goro da shayi da kofi duk suna ɗauke da sinadarin kafin, mai korar barci, kuma bayan kamar awa 5 da shansa rabinsa na nan a jini. Dattijon da ya ɓare goro bayan Magariba, sannan ya zo yana kukan ba ya samun barci sai tsakar dare, maganinsa na farko shi ne ya mayar da goron nan zuwa hantsi. Na san a watannin Afrilu da Mayu zafi ba ya barin kowa ya runtsa da wuri, komai niyyarsa. A irin wannan lokaci a watsa ruwa kafin kwanciya, in a tsakar gida za a kwana a ɗaura gidan sauro, a kuma rama da ƙailula ta minti 20 zuwa 30 bayan Azahar. In ta wuce haka, barcin dare take ci.

Tashin kansa akwai yadda ake yinsa. Tsofaffi da masu juna biyu da masu shan maganin hawan jini kada su zabura daga shimfiɗa su miƙe. A zauna a bakin gado kamar minti ɗaya, a yi addu'ar tashi daga barci, a motsa ƙafafu, sannan a tashi. Miƙewa farat ɗaya na sa jini ya yi ƙasa, ido ya yi duhu, mutum ya yanke jiki ya faɗi.

Akwai wani abu kuma da ya fi wannan nauyi. Awon jinin kowa yakan hau da sassafe, kuma daga Asuba zuwa tsakar rana ne aka fi samun shanyewar ɓarin jiki da bugun zuciya. Shi ya sa za ka ji an ce Baba ya shiga banɗaki da asuba lafiyarsa ƙalau, aka fito da shi baki a karkace, hannu ɗaya ba ya ɗaguwa, magana ba ta fita. Nan da nan sai a ce aljanin banɗaki ne ya mare shi, a shiga hayaƙi da shafe-shafe har kwana biyu. Jama'a, jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, kuma awannin farko su ne masu tsada. A yi masa addu'a a cikin mota, ana hanyar asibiti. Wanda kuma aka riga aka gaya masa jininsa yana kai 140 bisa 90 ko sama, aka ɗora shi a kan magani, ya ajiye maganin kusa da dardumarsa, ya sallame sallah ya sha, kullum a lokaci guda. Ba a jiran sai kai ya yi ciwo, domin hawan jini yakan yi ɓarnarsa shiru.

Sai ruwa. Kofi ɗaya ko biyu na ruwa mai tsabta bayan an tashi, shi ke nan. Zancen da ke yawo a WhatsApp cewa ruwan ɗumi da lemun tsami yana narkar da kitse ko yana wanke ƙoda ba shi da tushe. In kana son ɗanɗanonsa ka sha, amma ruwan randa mai murfi ma ya wadatar. Fitsarin farko na safe dama yakan yi duhu. In har rana ta take yana nan ja kamar shayi, ruwa bai ishe ka ba.

Karin kumallo ba sai da ƙwai da madarar gwangwani ba. Koko da ƙosai abinci ne na kirki: gero na ba da ƙarfi, wake na gina jiki kuma yana riƙe ciki har Azahar. Haka kunun gyaɗa, haka alale, haka ɗumamen tuwo da miyar kuka, muddin an ɗumama shi ya yi zafi har ciki, ana ganin tururi, ba a ɗan nuna masa wuta ba. Inda ake kuskure shi ne sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce kimanin giram 50 a yini, wato ƙaramin cokali 12, in ya tsaya a 6 ma ya fi. Ka tsaya a teburin mai shayi ka ƙirga abin da ake zubawa a kofi guda, da babban cokali kuwa, ga madara mai zaƙi, ga farin burodi. Ƙarfe 10 ba ta yi ba yunwa ta dawo da kasala. Ka ce masa cokali ɗaya, mako biyu harshenka ya saba. Mai juna biyu da ke shan ƙwayar ƙarin jini ta raba ta da shayi da aƙalla awa ɗaya, don shayi na hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfen da ke cikinta. Mai ciwon sukari da ya yi allurar insulin ko ya sha ƙwayarsa kuwa, kada ya kuskura ya fita bai karya ba.

Ga lebura da ɗan acaɓa da direban Adaidaita Sahu, nan ne maganata ta fi zafi. Haɗin ciwon jiki da ake saya a kemis a haɗiya da asuba kafin a sa komai a baki, galibi akwai diclofenac ko ibuprofen a ciki. Waɗannan suna cin bangon ciki har su kawo gyambo, in aka daɗe a kansu kuma su taɓa ƙoda. Tiramol ya fi muni: yana kama mutum ya kasa aiki sai da shi, kuma yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, wani lokaci a kan babur, da fasinja a baya. Kuɗin haɗin nan zai sayi ƙosai.

Motsa jiki ba na yi wa manomi da ɗan dako wa'azinsa, sun wuce wurin. Da tela nake, da mai shago, da ma'aikacin ofis, da uwar gidan da ba ta cika fita ba. Abin da ake nema minti 150 ne a mako, wato minti 30 sau biyar, tafiya mai ɗan sauri wadda za ka iya magana amma numfashi ya ɗan ɗaga. In ka fito masallaci, ka zaga ta doguwar hanya. Mata su zaga tsakar gida, kuma shara da daka suna cikin lissafi. Hasken safiya da ke shiga ido shi ke saita agogon jiki, ya sa barci ya zo da wuri in dare ya yi.

Magidanta, ku dubi safiyar matanku. Ita ke fara tashi, ita ke hura wuta, ta yi wa yara wanka, ta nemo takalmin da ya ɓata, ta sallami kowa, sannan ƙarfe 11 ta tuna ba ta karya ba, wataƙila tana shayarwa. A fitar da kayan makaranta tun dare, a cika randa, a jiƙa wake. Maigida ya karɓi sayo ƙosai ko rakiyar yara, babu abin da zai ragu a girmansa. Wayar ma a bar ta sai an gaisa da mutanen gida, an leƙa iyaye an ji yadda suka kwana, kafin labarin kashe-kashe da rigimar siyasa su ɓata wa mutum rai tun bai wanke baki ba.

Kada a ɗauki duka a rana ɗaya, ba za a ɗore ba. A zaɓi guda, a jingina shi da sallar Asuba tunda ita ba ta tashi daga wurinta, in ya zauna a ƙara wani. Amma wanda yake cika awanninsa na barci kuma yana tashi a gajiye da ciwon kai, iyalinsa na cewa yana minshari har numfashinsa na ɗaukewa, ya zo a duba shi. Haka wanda ya yi mako biyu yana wayar gari da ƙuncin zuciya, abinci ba daɗi, aiki ba sha'awa, ba ya son ganin kowa. Wannan ciwon damuwa ne, ana maganinsa, kuma a asibitin matakin farko ma ana iya fara maganar. In za a zo awon jini, a zo kafin a sha shayi ko a ci goro, a kuma taho da kwalayen duk magungunan da ake sha.