Gyaran wasannin dabarun yaƙi don bai wa kurtu nasa ci gaban

A yawancin wasannin dabarun yaƙi na kwamfuta, jarumai da kwamandoji ne ke da suna, su ke samun ƙarin matsayi da ƙwarewa, sauran mayaƙa kuwa adadi ne kawai. Akwai nau'in gyaran da 'yan wasa ke yi da kansu, wanda ake kira mod, domin kowane kurtu ya samu suna da tarihi, ya riƙa hawa matsayi gwargwadon yaƙin da ya gani.

Wahalar aikin tana ga yadda wasan ke ajiye bayanai. Sau da yawa abu biyu kawai yake rubutawa game da runduna: irin mayaƙan da yawansu. Maharba arba'in layi ɗaya ne a ƙwaƙwalwar kwamfuta, babu gurbin da za a rubuta cewa wane ne ya harbe abokan gaba uku. Mai gyara sai ya ƙirƙiro wannan gurbi, ya kuma tabbata bayanan ba su ɓace ba idan an adana wasa an sake buɗewa.

Heroes of Might and Magic III, wanda ya fito a 1999, misali ne na tsayawa a rabin hanya. Gyaran In the Wake of Gods, da aka fara saki a 2001, ya zo daga baya da tsarin da ke bai wa tarin mayaƙa ƙwarewa, amma a dunƙule. Idan aka zuba sababbin ɗauka cikin tsofaffin hannu, ƙwarewar tarin sai ta ragu, domin an raba ta a kan kowa.

Jagged Alliance 2, na kamfanin Sir-Tech, shi ma na 1999 ne. Ɗan wasa yana jagorantar sojojin haya a ƙagaggiyar ƙasar Arulco, yana kuma horar da 'yan sa-kai su tsare garuruwan da ya ƙwato. A asali matakai uku gare su, launin tufafi ne ke bambanta su, ba a san kowa da suna ba. Bayan an saki lambobin shirin wasan a 2004, masu gyaran da ake kira 1.13 suka samu damar taɓa cikinsa sosai. Cikin abin da suka ƙara har da zaɓin da ke bai wa kowane ɗan sa-kai suna da albashi da kundin yaƙe-yaƙen da ya halarta. A fayil ɗin saituna ake kunna shi. Mutum kan buɗe jerin masu tsaron gari bayan an kai hari, ya ga wanda aka ƙara wa girma da wanda sunansa ya fita daga jerin, abin da da can ragin lamba ɗaya ne kawai.

Irin wannan gyara yana da illa sananniya. Wanda ya tsira yana ƙara ƙarfi, ƙarfin kuma yana ƙara tsirar da shi, har ɗan wasa ya koma dogaro da mutum biyar ko shida, sababbi na zaman benci. Long War, gyaran wasan XCOM: Enemy Unknown wanda ya fito a 2012, ya yi wa matsalar dabara mai kyau. Ya mayar da rukunonin sojoji takwas maimakon huɗu, ya kuma shigo da gajiya: duk wanda ya dawo daga fagen fama sai ya huta na wasu kwanaki, in kuwa aka matsa aka sake tura shi, zai dawo da rauni. Dole ɗan wasa ya raini sojoji da yawa. Masu wannan gyara ne suka kafa kamfanin da ya zama Pavonis Interactive, suka fitar da Long War 2 a 2017 tare da goyon bayan Firaxis, masu wasan na asali.