Mararrabar unguwarku tana cin mutane? Ga amsa, kada a sake tambayata

Duk ranar da mota ta kaɗe wani a unguwa, wayata ba ta hutawa. Don an san na daɗe a aikin zanen tituna, kowa sai ya turo tambaya, kuma tambayoyin ba sa canjawa. Na tara su a nan. Wanda ya sake tambaya, nan zan turo shi.

Ba gangancin masu tafiya a ƙasa ba ne?

A'a. In wuri guda ake ta kaɗe mutane shekara da shekaru, waɗanda ake kaɗewa daban, direbobin daban, wurin ne kaɗai bai canja ba. Sai ka duba wurin.

Ai ƙaddara ce, Injiniya.

Ban musa ba. Amma an ce ka ɗaure raƙuminka tukuna sannan ka yi tawakkali.

To me ake gyarawa a mararrabar?

Faɗinta, da kwanarta, da abin da ke tare ido. Ɗauki titi mai faɗin mita 14. Tsohuwa da ke tafiyar mita 1 a daƙiƙa sai ta yi daƙiƙa 14 a tsakiyar kwalta. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 200 a wannan lokacin. Wato sa'ad da Iya ta sa ƙafa, motar da za ta same ta ko hango ta ba ta yi ba. Yi mata ɗan tsibiri na siminti a tsakiya, ta tsallaka rabi, ta tsaya ta numfasa, ta dubi gefe guda kawai, ta ƙarasa. Kwanar kuma, in an yi ta da faɗi kamar bakin rariya, direba ba ya taka birki, shan ta yake da gudunsa. Matse ta, dole ya lafa.

Kilomita 50 ai ba gudu ba ne.

A cikin mota ba gudu ba ne. A jikin yaro gudu ne. Ƙarfin bugun mota mai gudun 50 ya kusa ninka na mai 30 sau uku. Shi ya sa taron ministocin duniya da aka yi a Stockholm a 2020 ya nemi a tsaya a 30 duk inda mutane da motoci ke cuɗanya. Dokar hanya ta Najeriya 50 ta ba ka a cikin gari, amma ba ta ce ka yi 50 a ƙofar Islamiyya lokacin tashi ba.

Me zai hana a yi mana gada?

Kun ga ta Ƙofar Nassarawa, kun ga ta Dangi a Kano, kowa gada yake so. Waɗancan don motoci aka yi su, su wuce ba tsayawa. Gadar tsallaka ta mutane kuwa tana da amfani a babbar hanya mai gudu. A cikin unguwa? Mai ciki, mai keken guragu, mai tallan da ke ɗauke da faranti a ka, ba mai hawa. Ƙarƙashinta za su bi, direba kuma ya ƙara wuta don yana ganin an ɗauke masa mutane daga hanya.

Mu haɗa kuɗi mu yi bamp, wato tudun rage gudu, da kanmu?

Wannan ce tambayar da ba na iya amsawa da kalma ɗaya, ku yi haƙuri ku karanta.

Na san yadda abin yake faruwa. A layinmu ma an yi. An kaɗe yaro bayan la'asar, kafin isha'i matasa sun jibge ƙasa da ɓaraguzan bulo a tsallake titi, har wuri uku, kowanne kamar kunyar dankali. Ban ga laifin zuciyarsu ba. Kuma gaskiya gudu ya ragu a makon farko. Bayan nan fa? 'Yan adaidaita sahu suka gano ɗan sararin da ya rage a gefe, kusa da kwata, suka koma bi ta nan, daidai inda mutane ke tafiya. Wani mai babur da bai san da shi ba ya zo da dare, ba fenti, ba fitila, ya tashi sama. Da damina ta zo, ruwa ya rasa hanya ya kwanta a ƙofar gidaje.

Saboda haka ba zan ce kada ku yi ba, ba kuma zan ce ku yi ba. Ya danganta da titin. In ɗan layin unguwa ne da ba manyan motoci, tudun rage gudu yana aiki ƙwarai, in an yi shi daidai. Daidai ɗin shi ne tsayinsa kada ya wuce santimita 10, shimfiɗarsa kuma ta kai wajen mita 3 da rabi, mota ta hau a hankali ta sauka a hankali. Abin da kuke yi akasin haka ne, mai gajeriyar shimfiɗa da tsini, mai fasa ƙasan mota. Na daidai ɗin ya kai daga gefe zuwa gefe yadda ba za a kauce masa ba, amma a bar wa ruwa mafita. A shafa masa fenti, a kafa alama tun daga nesa. In kuwa hanyar asibiti ce, ko tirela da tanka ke bin ta, ku dakata. Mai naƙuda a bayan ɗan sahu ba za ta gode muku ba, tirela mai kaya kuma in ta daki tudun da ba ta zata ba, abin da zai biyo baya ya fi wanda kuke gudu.

Ni da za a bi tawa, wurin tsallakar kansa za a ɗaga ya zama tudu mai shimfiɗaɗɗen kai, daidai da tsayin gefen titi. Tsohuwa ta wuce a miƙe, mota ce za ta hau ta sauka. Sai dai wannan ya fi ƙarfin buhun siminti biyar da lebura ɗaya. Kuma titi na hukuma ne. Kuna iya kashe kuɗinku yau, gobe a zo a kankare, kuma ba ku da bakin magana.

A sa mana danja kawai.

Ranar da ta mutu fa? Kuma kun sha ganin yadda ake yi da ja in ba ɗan KAROTA, mai kula da zirga-zirgar motoci a Kano, a wurin. Siminti ba ya tashi daga aiki ƙarfe shida.

Me ya haɗa mai shayi da hatsari?

Kada ku tashi kan bawan Allah, ba shi kaɗai ba ne. Teburinsa, da baron mai rake, da 'yan sahu huɗu da ke jiran fasinja, duk a bakin kwana suke. Yaro ɗan shekara shida ba ya kai tsayin ɗan sahu. Ta bayansa zai ɓullo, direba ba zai gan shi ba sai ya iso gabansa. A matsar da kowa baya kamar taku goma daga kwanar, ba korar su za a yi ba. Wani gari a Amurka mai suna Hoboken ya dage kan hana ajiye mota a bakin mararraba, da 'yan sanduna da fenti, haɗe da rage gudu, ya yi shekara 7 daga Janairun 2017 ba wanda ya mutu a titinsa.

Ai can Turai ne, suna da kuɗi.

Amurka na ce. Kuma a Addis Ababa da fenti aka fara matse mararrabar LeGare. Fenti bai fi ƙarfinku ba.

Wa za mu kai wa kuka?

Ku fara sanin titin na waye: ƙaramar hukuma, jiha, ko tarayya. Na sha ganin an kai takarda inda ba nan ba, ta kwana a durowa. Ku sa mai unguwa da kansila a gaba. Kuma don Allah kada ku je da "ana ta mutuwa" kawai. Ku samo littafi, ku rubuta rana, da lokaci, da daidai inda abin ya faru, har waɗanda Allah ya kiyaye da ƙyar. Ku tsaya lokacin tashin makaranta ku ƙirga yaran da ke tsallakawa cikin rabin awa, ku ɗauki hoto. Ku yi kwafi biyu, a buga muku hatimi a naku kafin ku fito daga ofishin.