Maganin ciwon jijiya ma ba a yanke shi dare ɗaya

A nan Damagaram an daɗe ana cewa wahalar barin magani ta ƙwayoyin barci ce kawai, irin su diazepam da ake kira Valium. Wai pregabalin (wato Lyrica) da gabapentin na ciwon jijiya ne, ranar da ka ga dama ka ajiye. Ba haka ba ne.

Hanyar aikinsu ta bambanta da ta Valium, amma duk kwantar da jijiyoyi suke yi. Pregabalin yana rage kwararar sinadaran da ke zaburar da jijiya, jiki kuma ya saba. Aka yanke shi kwatsam, sai rashin barci, gumi, tashin zuciya, ciwon kai da fargaba su taso. Mai farfaɗiya ma tana iya dawo masa. Wanda bai jima da rabuwa da Valium ba ya fi shan wuya, don jijiyoyinsa ba su gama hutawa ba. Sai ya ɗauka tsohon ciwon ne ya dawo, ya aika yaro wajen mai tallan magani ya sayo Valium, aikin watanni na barinsa ya rushe.

Takardar cikin kwalin pregabalin cewa ta yi a rage a hankali, aƙalla cikin mako ɗaya. Wanda ya daɗe yana sha, makonni ko watanni yake buƙata, likita na rage masa kaɗan-kaɗan, ya dakata in jiki ya ƙi. A Birtaniya tun 2019 aka sa pregabalin da gabapentin cikin waɗanda doka ta ƙayyade bayar da su, saboda mutane na kamuwa da su.