Karatun kiɗa a jami'a

Karatun kiɗa a jami'a fanni ne na digiri da ɗalibi ke zaɓa ya ƙware a kansa bayan sakandare. Sunan ɗaya ne, amma darussan da ke ƙarƙashinsa sun yi hannun riga da juna. Akwai mai koyon kaɗa piyano don ya hau dandamali, akwai mai shirin koyarwa a makarantar firamare, akwai mai koyon haɗa sauti a sutudiyo, akwai kuma wanda zai yi aiki da marasa lafiya a asibiti. Saboda haka babban abin da ɗalibi ke yankewa lokacin zaɓi shi ne irin aikin da zai ci abinci da shi, domin kayan kiɗan da zai riƙe tuni ya zaɓe shi shekaru kafin ya nemi jami'a.

Asali

Makarantun kiɗa na Turai sun samo tushe daga gidajen marayu na birnin Naples a Italiya, inda tun ƙarni na 16 ake koya wa yara waƙa da kiɗa. Makarantar kiɗa ta Paris, wadda aka kafa a 1795, ita ta zama abin koyi ga na baya, ciki har da Royal Academy of Music ta Landan a 1822. A Amurka an buɗe ta Oberlin a 1865, sai wadda ta zama Juilliard a New York a 1905, da Eastman a Rochester a 1921, da Curtis a Philadelphia a 1924. Duk waɗannan kiɗan gargajiyar Turai suka sa a gaba. Berklee ta Boston, da aka kafa a 1945, ita ce ta yi suna wajen karɓar jaz da kiɗan zamani a matsayin abin da ya cancanci a yi karatunsa.

Iri biyu na digiri

A tsarin Amurka, wanda ƙasashe da dama suka ara, digirin farko kashi biyu ne. Na ɗaya shi ne BM, digirin ƙwarewa, inda kusan kashi biyu cikin uku na darussan ɗalibi kiɗa ne zalla. Na biyu shi ne BA a fannin kiɗa, inda kiɗan bai kai rabin darussan ba, sauran lokacin ɗalibi na karanta harsuna, tarihi, lissafi ko duk abin da ya ga dama. Hukumar NASM, wadda ke tantance makarantun kiɗa a Amurka tun kafuwarta a 1924, ita ke shimfiɗa irin waɗannan ma'aunai.

Mutane kan ɗauka BM ya fi daraja, kuma ga wanda ya ƙudurta zama makaɗin ƙungiya ko mawaƙin opera, wato wasan kwaikwayon da ake yi da waƙa, hakan gaskiya ne. Amma mai BA yana da ƙofofin fita da yawa. Idan bayan shekara biyu ya gane cewa dandamali ba nasa ba ne, yana iya karkata zuwa karatun lauya ko kasuwanci ba tare da ya koma farko ba. Wasu makarantu, kamar Oberlin, suna ba da damar haɗa digiri biyu cikin shekara 5.

Shiga

Abin da ya raba wannan fanni da sauran fannonin jami'a shi ne gwajin shiga. Sakamakon sakandare kaɗai ba ya isa. Mai neman BM yakan fara aika bidiyon kansa yana kiɗa, idan ya tsallake sai a kira shi ya tsaya gaban malamai. Sau da yawa abin bai wuce minti 10 zuwa 15 ba. Yana iya shafe shekara yana shirya kiɗa uku, ya fara na farko, malami ya ɗaga hannu a tsakiya ya ce ya isa, a shiga na gaba. Wannan ba alamar faɗuwa ba ce, lokaci ne ya yi musu kaɗan. Wani lokaci a ajiye masa takardar kiɗan da bai taɓa gani ba a ce ya kaɗa nan take. Mai son karatun tsara kiɗa kuwa ayyukan da ya rubuta yake gabatarwa.

Masana harkar suna yawan ba da shawarar a duba malami kafin a duba sunan makaranta. Dalili shi ne ɗalibin kiɗa yana zama da malami guda, su biyu kaɗai, kusan awa ɗaya kowane mako har tsawon shekara 4. Idan jininsu bai haɗu ba, girman makarantar ba zai amfane shi da komai ba. Shi ya sa masu neman shiga kan roƙi a yi musu darasin gwaji kafin su amsa tayi.

Abin da ake karantawa

Kowane ɗalibi, ko wane reshe ya ɗauka, yana bi ta wasu darussa na tilas: ƙa'idojin kiɗa, tarihin kiɗa, piyano daidai gwargwado, da shiga ƙungiyar kiɗa ko ta waƙa. Wanda ya fi ba sababbin ɗalibai wuya shi ne horar da kunne. Malami zai kaɗa wani ɗan gajeren sauti a piyano sau uku ko huɗu, ɗalibai su rubuta shi a takarda daga ji kawai. Yaron da ya saba a yi masa tafi a gida yakan sha mamaki a wannan aji. Bayan darussa akwai awannin atisaye a ɗan ƙaramin ɗaki, shi kaɗai, kullum, kuma a shekarar ƙarshe mai BM yakan yi wasan kammalawa na kusan awa guda gaban jama'a.

Jiki ma yana biyan kuɗinsa. Ciwon jijiyar hannu, raunin ji da lalacewar murya sanannu ne a wannan sana'a. Leon Fleisher, ɗaya daga cikin fitattun masu piyano na Amurka, ya rasa amfanin hannunsa na dama a 1964 saboda wata cutar jijiya, ya koma koyarwa da jagorantar makaɗa da kaɗa abin da aka rubuta don hannun hagu.

Rassa da ayyukansu

Reshen wasa a dandamali shi ya fi jan matasa, shi ne kuma mai ƙarancin gurbi. Cikakkiyar ƙungiyar okestra, wato babbar ƙungiyar makaɗa irin ta Turai, tana ɗaukar makaɗa 80 zuwa 100, kuma wanda ya samu kujera yakan zauna a kanta shekaru da yawa, don haka gurbi ba ya faɗuwa sai jefi-jefi. Idan ya faɗo, ana gwada masu nema a bayan labule don kada alƙalai su san ko wane ne ke kaɗawa, al'adar da ƙungiyar okestra ta Boston ta fara gwadawa a 1952 kafin ta yaɗu. Ƙungiyoyin badujala na soja ma suna ɗaukar ƙwararru da albashi tsayayye, hanyar da ɗalibai da yawa ba sa tunawa da ita.

Reshen koyar da kiɗa shi ne mafi tabbas wajen samun aiki. Ɗalibinsa yana koyon kayan kiɗa iri-iri sama-sama, busa da kiɗan tsirkiya da ganguna, domin ya iya koya wa yara kowanne, sannan ya yi koyarwar gwaji a makaranta kafin ya karɓi lasisi. Akwai masu raina wannan reshe suna ganin mafakar waɗanda suka kasa ne, amma kuskure ne, domin riƙe aji mai yara 40 kowa da abin busawa a hannu ƙwarewa ce ta daban.

Jinya da kiɗa ta bunƙasa ne a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu da bayansa, lokacin da aka ga tasirin kiɗa ga sojojin da ke kwance a asibitoci. Jami'ar Jihar Michigan ce ta buɗe digirin farko a 1944. A Amurka ɗalibi sai ya cika awa 1,200 na horo da marasa lafiya ya kuma ci jarrabawar hukuma. Ma'aikatan suna aiki da masu shanyewar jiki da ke sake koyon magana ko tafiya, da tsofaffi masu ciwon mantuwa, da yara masu buƙata ta musamman.

Masu tsara kiɗa kan samu aiki a fina-finai, talla da wasannin kwamfuta. Masu karanta fasahar sauti suna shiga sutudiyo, gidajen rediyo da talabijin ko manyan taruka. Reshen kasuwancin kiɗa yana fitar da manajoji da ma'aikatan kamfanonin faifai da na ƙungiyoyin tattara kuɗin haƙƙin mallaka, irin su ASCAP da aka kafa a 1914. Nazarin tarihin kiɗa da nazarin kiɗan al'ummu kuwa hanyar bincike ce, kuma mai son koyarwa a jami'a da wuya ya samu kujera ba tare da digiri na uku ba.

Yadda ake rayuwa da shi

Kaɗan ne daga cikin masu wannan digiri ke dogara da aiki guda. Abin da aka fi gani shi ne mutum yana da ɗalibai da yake koya wa a gida da yamma, yana kiɗa a wurin ibada ko biki a ƙarshen mako, yana cike gurbi a wata ƙungiya idan an kira shi, yana kuma ɗan ɗaukar sauti a ɗakinsa. A irin wannan rayuwa koyarwa ce ke riƙe gida. Ayyuka da dama suna zuwa ne ta bakin abokan karatu, kuma wanda aka san yana zuwa kan lokaci da shirinsa shi ake sake kira. Makarantu da yawa yanzu sun ƙara darussan kwangila, haraji da tallata kai saboda wannan.

Batun bashin karatu yana da nauyi a nan fiye da wasu fannoni, domin abin da mutum ke samu a shekarun farko na aiki ba shi da tabbas, ga shi kayan kiɗa na ƙwararru suna da tsada. Curtis ba ta karɓar kuɗin karatu tun 1928, amma ɗalibanta ba su kai 200 ba, shiga kuma sai wanda ya yi fice ƙwarai. Ga sauran masu nema, tallafin karatu yawanci yana rataye ne a kan yadda mutum ya yi a gwajin shiga da kuma kayan kiɗan da makarantar ke ƙarancin masu kaɗa shi a wannan shekarar, abin da ya sa mai busa bassoon, wani dogon abin busa na katako, kan samu tayin da mai piyano ba zai samu ba.